Ƙanzon katalis: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara, da zarar an raba wa 'yan ajin ƙarshe batun furojet, ƙofar ofishina ba ta ƙara hutawa. Wannan ya fita, wancan ya yi sallama, kuma tambayar da na gama amsa wa na farkon ita ce a bakin na biyun. Tun da na fara ba ɗalibai aikin juya iskar metan zuwa benzin (sinadari ne, ba man fetur ba) a kan ziyolait, abin ya ƙaru. Makon jiya wani ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ina sunkuye ina neman takalmina, wai katalis ɗinsa, wato garin da ke hanzarta aikin ba tare da shi ya ƙare ba, ya yi baƙi. To ga amsoshin nan na rubuta. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, katalis ɗina fari ne da na zuba shi, yanzu ya koma baƙi ƙirin. Ya lalace ke nan?

Bai lalace ba, ƙanzo ya yi. Kabon ne ya kwanta masa, abin da littattafanku ke kira kok. Ba na sha ba, kuma kada wani ya sake yi mini wannan barkwancin, ya ishe ni. Wanda ya shafe awa shida a digiri 700 na ma'aunin Celsius bai ga baƙi ba, shi ya kamata hankalinsa ya tashi: ko dai metan bai shiga bututunsa ba, ko tanderunsa bai yi zafi ba.

Wai mene ne ma ziyolait ɗin?

A ajin ƙarshe kake wannan tambayar? Dutse ne mai ramuka, ginin silikon da alminiyom da oksijin. Wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya raɗa masa suna a 1756 da ya ga yana fitar da tururi idan an gasa shi. Ma'anar sunan da Girkanci dutse mai tafasa. Wanda muke aiki da shi, ZSM-5, ba haƙo shi ake yi kamar kuza ba. Kamfanin Mobil na Amurka ne ya haɗa shi, ya yi masa rajista a 1972. Faɗin raminsa wajen nanomita 0.55 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kusan daidai da jikin ƙwayar benzin, shi ya sa aka zaɓe shi. Sauran bayanin yana cikin littafinka na aji biyu.

Zan iya amfani da gas ɗin girki na gidanmu?

A'a. Na tukunyar girki furofen ne da buten. Metan shi ne mafi yawan abin da ke cikin CNG, matsattsen gas ɗin nan da ake ta sauya wa motoci tun bayan cire tallafin mai a 2023, amma shi ma ba zan yarda ka ɗauko daga gidan mai ka jona mini a bututu ba. Silinda mai tsafta ta ɗakin gwaji muke so.

To daga ina kabon ɗin ya fito, alhali ni ban zuba shi ba?

Ka zuba shi mana. Kowace ƙwayar metan kabon ɗaya ce riƙe da haidurojin huɗu. Abin da kake roƙon katalis ya yi maka shi ne ya ɗauki metan shida, ya ƙulla kabon ɗinsu ya zama zoben benzin guda, ya saki ƙwayar iskar haidurojin tara, kowacce haidurojin biyu a haɗe. Shi kuwa metan, a wannan zafin, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya watsar da haidurojin ɗinsa gaba ɗaya ya kwanta a matsayin kabon zalla. Hanyarsa gangara ce, taka hawan dutsen Shere ce.

Ko benzin ɗin da ka samu ba ya tsayawa inda kake so. Idan ya daɗe a cikin rami, kusa da wuraren asid na ziyolait, sai wani zoben ya manne masa ya zama naftalin, wato kafur ɗin nan da iyayenmu mata ke jefawa cikin akwatin zannuwa. Daga biyu sai uku, sai huɗu, kowane mataki yana zubar da haidurojin yana ƙara tauri, har ya kai girman da ba zai iya fita ta inda ya shiga ba. A bayan ƙwayar ziyolait kuwa, inda babu bangon da zai takura shi, girma yake yi yadda ya ga dama har ya rufe bakin ramin. Wanda ya taɓa maƙalewa a Farin Gada ranar da motar tumatir ta mutu a tsakiyar hanya ya san abin da nake nufi: titin cikin gari yana nan fayau, amma ba mai shiga, ba mai fita. Giram ɗaya na ZSM-5 yana da fili kusan murabba'in mita 400, kusan duk a cikin ramuka. Toshe baki kaɗai ya isa ya raba ka da shi.

Me zai hana in rage wuta don kada ya yi ƙanzo?

Rage mana, sai ka samu katalis fari tas da benzin sifili. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da haidurojin a metan yana cikin mafiya ƙarfi, kilojul 439 na makamashi a kowane mol (mudun da muke auna yawan ƙwayoyi da shi), kuma aikin gaba ɗayansa shan zafi yake yi, wajen kilojul 530 kafin a samu mol ɗaya na benzin. A digiri 700 ma, iyakar abin da ka'idar daidaito ta yarda ya juya bai wuce kashi 12 cikin 100 na metan ɗin ba. Ka sauko ƙasa, ka rasa wannan ɗan. Ka haura 800, ka samu ƙari na ɗan lokaci, ƙanzo ya ci ka da wuri.

Minti ashirin na farko ban ga benzin ko ɗigo ba. In kashe in sake?

Kada ka taɓa komai. Zauna.

Wannan ita ce tambayar da nake so a riƙa yi mini, don amsarta ce ke gyara tunanin mutum game da kabon. Abin da ka ɗora a kan ziyolait, molibdenom ne, wani irin ƙarfe, a siffar oksaid, wato haɗe da oksijin, galibi kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na nauyin katalis. A haka ba ya iya komai. Sai metan ya fara cinye oksijin ɗinsa, shi ya sa a mintunan farko CO da CO2 da tururin ruwa kawai na'urar GC mai tantance gas ɗin da ke fitowa ke nuna maka, sannan kabon ya maye gurbin oksijin, molibdenom ya koma kabaid. Wannan kabaid ɗin ne ke iya fasa metan. Wato kabon na farko da ya shiga katalis ɗinka shi ya raya shi, na baya ne ke shaƙe shi. Masu bincike na cibiyar kimiyya ta Dalian a ƙasar Sin ne suka fara bayyana wannan katalis a 1993, kuma har yau ana jayayya kan ko wani ɓangare na kabon da ke maƙale cikin ramukan yana taya aikin ne, ba kawai ɓata shi yake ba. Don haka ɗalibin da ya rubuta mini a babi na ɗaya cewa manufarsa ita ce "kawar da kabon baki ɗaya", jan biro zai gani.

In na gama, in buɗe iska kawai ta shiga?

Ka ce me? Metan da iska, idan metan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100, fashewa suke yi, kuma kai ga tanderu a digiri 700. Ka rufe metan, ka kora naitirojin har bututun ya wanke sarai, sannan a yi maganar iska. Benzin kuma yana jawo sankarar jini. Wanda na sake kamawa yana shinshina bakin bututu wai yana duba ko ya fara fitowa, ya bar mini ɗakin gwaji.

Malam, to ta yaya zan ƙone ƙanzon ba tare da na kashe katalis ɗin ba, kuma sau nawa zai jure?

Yauwa. Nan ne ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce ita ce ke nan, bai taɓa yin aikin da hannunsa ba.

Fara da sanin irin ƙanzon da kake da shi, domin ba iri ɗaya ba ne. Ɗebi kaɗan daga baƙin katalis, miligiram goma zuwa ashirin sun isa, a ɗora a na'urar TGA, a riƙa ƙara zafi sannu a cikin iska ana auna nauyin da ke raguwa. Abin da ya fita ƙasa da digiri 200 ruwa ne, kada ka lissafa shi. Na sha ganin ɗalibai sun mai da danshin damina ƙanzo. Bayan nan yawanci za ka ga raguwa kashi biyu. Ta farko, wajen 450 zuwa 500, ƙanzo ne mai laushi da ke kusa da molibdenom, shi molibdenom ɗin ma yana taya shi ci. Ta biyu, wajen 550 zuwa 600, shi ne mai taurin kai, tarin zobban nan da suka kusa zama gawayi. Iya daɗewar da ka yi kana aiki, iya yawan na biyun. Wanda ya tsaya bayan awa biyu da wanda ya bar shi ya kwana ba magani ɗaya za su sha ba. Ka kuma lura, kabaid idan ya koma oksaid nauyi yake ƙarawa, saboda haka lissafin TGA yana iya nuna maka ƙanzo ƙasa da yadda yake.

Ga inda matsalar take. Zafin da mai taurin ke buƙata ya yi kusa da zafin da ke lalata katalis ɗin kansa. Da iska ta shiga, molibdenom ya koma oksaid, wato MoO3, shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya idan ya ji wuta: yawo yake yi, wani ya tashi ya bi iska, wani ya fizgo alminiyom daga ginin ziyolait su haɗu su zama alminiyom molibdet. Wannan ba ya dawowa. Alminiyom ɗin da ya fita shi ne wurin asid, shi ne kuma turken da molibdenom ke ɗaure a kai. Ƙari a kan haka, haidurojin ɗin da ya rage a jikin ƙanzo ruwa yake zama idan ya ƙone, tururi mai zafi kuma shi ma fitar da alminiyom yake yi.

Sannan lambar da kake gani a fuskar tanderu ba ita ce zafin da ke cikin katalis ba. Kabon idan yana ci, kilojul 394 yake saki a kowane mol. Tanderu na iya cewa 550, tsakiyar garin katalis ya zarce haka nesa ba kusa ba. Shekarun baya wata ɗalibata, ana saura kwana uku ta miƙa rahoto, ta wanke bututu da naitirojin yadda ya kamata, amma ta ƙi jiran ya huce, ta sakar masa iska a 700. Da safe ta zo da murna, katalis ya dawo fari kamar sabo. Na ɗaga bututun kwaz ɗin na duba ƙarshensa mai sanyi, sai ga wasu 'yan siraran allurai masu ƙyalli, fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, sun manne a jikin gilashi. Na ce mata, 'yata, ga molibdenom ɗinki nan ya yi hijira. Ta mayar da shi aiki, benzin ɗin da ya bayar bai kai a rubuta ba. Farin launi ba shaidar lafiya ba ce.

Abin da ni nake yi, kuma ban ce shi kaɗai ne daidai ba: in huce zuwa wajen 400 a cikin naitirojin, in shigar da oksijin kashi 1 ko 2 cikin 100 maimakon 21 na iskar da muke shaƙa, in riƙa hawa da digiri 1 ko 2 a minti, in tsaya a 450 har CO2 ya ja baya, sannan in lallaɓa zuwa 500 ko 550, ba na wucewa. Ma'aunin zafi a cikin garin katalis nake soka shi, ba a gefen bututu ba. Wani lokacin ɗan ƙanzo mai tauri yana saura. Na gwammace in bar shi da in kashe ziyolait wajen korarsa. Amma idan molibdenom ɗinka ya kai kashi 6 ko ya fi, ka ƙara taka-tsantsan, domin rarar da ba ta sami turke a cikin rami ba ita ke fara yawo. Mai kashi 1 ko 2 ya fi jure ƙuna akai-akai, ko da yake benzin ɗinsa bai kai na wancan ba. Idan kuma ziyolait ɗinka mai ƙarancin alminiyom ne, lissafin ya sake canzawa.

Akwai hanyar haidurojin: a kora shi a zafin aiki ko sama da haka, ya mayar da kabon metan. Kyanta shi ne kabaid yana nan yadda yake, ba sai an sake jiran mintunan farko ba, molibdenom kuma ba ya tashi. Aibinta, tana da nawa, ba ta cika cin tsohon ƙanzo ba, kuma kuɗin silindar haidurojin kafin ta iso Jos kai ma ka sani. Ta fi amfani idan ana yi da wuri-wuri, aiki kaɗan wanki kaɗan, tun ƙanzon bai tsufa ba. Wasu kuma suna surka metan da CO2 ko tururi ɗan kaɗan tun daga farko don ya riƙa lasar kabon yana kwanciya. Yana aiki, amma kaɗan ɗin nake nufi, kashi 1 ko 2. Ka zarce, kabaid ya koma oksaid, benzin ya ɗauke ɗif. Wata tawaga a Eindhoven ta ƙasar Holan ta nuna a 2016 cewa ɗan feshin oksijin lokaci-lokaci yana tsawaita ran katalis, sai dai wannan aikin bawul mai sarrafa kansa ne, ba na ɗalibi da agogon waya ba.

Sau nawa zai jure? Ya danganta da duk abin da na lissafa. Ka auna benzin bayan kowane zagaye, ka kai samfur a yi masa XRD, gwajin da ke nuna ko ginin ziyolait na nan daram, katalis ɗin zai gaya maka da kansa. In kuma aka ɗauke wuta kana tsakiyar ƙuna, rufe oksijin, bar naitirojin yana tafiya, rubuta lokacin a littafinka. Ba ƙarshen duniya ba ne, kowa a nan ya sha wannan.

Iska ta daina fita ta ƙarshen layi. Ƙanzo ne ya toshe?

Da wuya. Taɓa bututun ƙarfen da ya fito daga tanderu. Sanyi? To kafur ne. Naftalin yana daskarewa ƙasa da digiri 80, kai kuma ka bar layi tsirara a sanyin Jos na watan Janairu. Naɗe shi da igiyar ɗumama, ka riƙe shi wajen 200. Tun da an zo maganar Jos: muna sama da teku da wajen mita 1,200, nauyin iskarmu bai kai na Legas ba, don haka idan da kumfar sabulu kake auna gudun gas, gyara lissafinka.

Na karanta cewa an yi wani katalis da ba ya ƙanzo sam.

Ka karanta daidai, ba ka karanta duka ba. A 2014 ne, daga Dalian ɗin dai, a mujallar Science: ƙwayoyin ƙarfe ɗai-ɗai a cikin silika, babu ziyolait ko kaɗan, a zafin da ya kusa digiri 1,100. Tanderunmu ba ya zuwa can. Koma kan aikinka.

Kabon ɗin da ya shiga da wanda ya fita ba su daidaita ba. In ɗan gyara lambobin?

Ka gyara me? Giɓin nan shi ne sakamakonka. Kabon da ya shiga bai fito ba yana kwance a kan katalis, ko ya daskare a layi. Shi ya sa ake surka metan da naitirojin ko argon kashi 5 zuwa 10, abin da ba ya shiga aikin, don a sami ma'auni tsayayye. Lissafa giɓin, kwatanta shi da abin da TGA ta ba ka. Idan sun yi kusa, ka yi aiki mai kyau ko da benzin ɗinka kaɗan ne, kuma zan tsaya maka a gaban kwamiti. Wanda ya kawo mini kashi 30 na juyawa a digiri 700 kuwa, ya zo da bayanin yadda ya karya ka'idar da Allah ya ɗora wa halitta.

Zan iya haɗa ziyolait ɗina da farar ƙasa ta gida?

Za ka iya. An daɗe ana irin wannan bincike da farar ƙasar Ƙanƙara a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, nan Filato ma muna da ita. Sai dai alminiyom ɗinta ya yi wa ZSM-5 yawa, dole ka rage shi ko ka ƙara silika, ga baƙin ƙarfe da yashi da za ka tace. Furojet ne mai zaman kansa. Wata huɗu gare ka, zaɓi ɗaya.

In dai kullum sai ya yi ƙanzo, mene ne amfanin wahalar?

Matatar mai ma da ƙanzo take rayuwa. A sashen FCC, inda ake fasa mai mai nauyi ya zama fetur, irin wanda ke matatar Kaduna, ziyolait yana yin baƙi cikin daƙiƙoƙi, a zarce da shi ɗakin ƙuna, ya dawo da zafinsa, haka dare da rana. Zafin ƙona ƙanzon ma shi ke tafiyar da aikin. Ba su hana shi ba, sun tsara masa hanya ne. Abin da ya hana namu fita daga ɗakin gwaji, shekara 30 da ɗoriya babu masana'anta ko ɗaya da ke sayar da benzin ta wannan hanya, shi ne molibdenom ba ya jure irin waccan ƙunar, ga kuma kashi 12 ɗin nan.

Ƙasar da ke da gas fiye da ƙafa kubik tiriliyan 200 a ƙarƙashinta, wadda har yanzu ake ƙona wani a banza a yankin Neja Delta, ga bututun gas na AKK mai kilomita 614 da aka soma shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, ai bai kamata a tambaye ta amfanin mayar da gas ruwan da za a zuba a tanka ba. Daga benzin ake samun nailan da robar sitairin da sinadarin garin sabulun wanki, ga haidurojin kyauta a kai.

Tun da Malam ya ce ƙanzo ne, in jiƙa shi da ruwan zafi da omo ya kwana?

A'a. Ƙanzo suna ne na ba shi don ku gane, ba tukunyar tuwo ba ce. Rufe mini ƙofa in ka fita.